Ƙarfi Ba Shi Ne Gyara Ba: Sharhi Kan Kula da Tsofaffin Gidajen Jan Bulo a Birane

A tsofaffin unguwannin Landan da Manchesta a Ingila, da Filadelfiya da Baltimo da Sen Luwis a Amurka, akwai dubban gidajen jan bulo da suka haura shekara ɗari, wasu ma ɗari biyu, kuma har gobe da mutane a cikinsu. Ruwan sama ya dake su, ƙanƙara ta sauka a kansu, hayaƙin kwal ya turnuƙe su shekara da shekaru, amma suna nan tsaye. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin bangayen da suka lalace a waɗannan unguwanni ba tsufa ne ya ci su ba, gyara ne ya ci su. Bangon da ya yi shekara ɗari lafiya lau, sai a kira magini ya gyara shi da siminti mai ƙarfi, kafin shekara ashirin ko talatin fuskar bulon ta fara ɓarewa tana zubewa. Me ke kawo haka, kuma wane irin gyara ne ya dace da irin wannan gini?

Yadda aka gina su tun asali

Gobara na cikin abubuwan da suka cika birane da jan bulo. A shekarar 1666 wuta ta cinye gidaje sama da 13,000 a Landan, mafi yawansu na katako, sai dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta gini da bulo ko dutse. Haka aka yi a Sen Luwis bayan gobarar 1849, da Chikago bayan ta 1871. Da masana'antu suka jawo ma'aikata zuwa birane a ƙarni na 19, sai aka shiga jera musu gidaje manne da juna, bango ɗaya na raba gida biyu, layi guda ya miƙe daga wannan kwana zuwa waccan.

Bangon irin wannan gida cikakke ne, babu rami a tsakiyarsa. Ana jera bulo sahu biyu ko uku, a riƙa gitta wasu a kwance domin su ɗaure sahun waje da na ciki. Bangon mai rami a tsakiya, wanda ke hana ruwa tsallakawa zuwa ɗaki, bai yaɗu a Ingila ba sai wajajen shekarun 1920 da 1930. Su kansu bulullukan ba ƙarfinsu ɗaya ba, domin a tsohuwar hanyar gashi wutar ba ta kai wa ko'ina daidai. Wanda ya yi kusa da wuta ya fito da tauri, wanda ya yi nisa ya fito da laushi da hasken launi. Maginan lokacin sun san da haka, shi ya sa suke sa mai tauri a fuskar da ke kallon titi, mai laushi kuma su ɓoye shi a ciki. Kowane bulo kuma yana da wata 'yar fata mai tauri da wuta ta yi masa, ita ce garkuwarsa, abin da ke ƙarƙashinta ya fi ta laushi nesa ba kusa ba.

Kwaɓin da aka haɗa su da shi kuwa na farar ƙasa ne da yashi. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 900, a kashe shi da ruwa har ya zama kamar ƙullu, sannan a gauraya kashi ɗaya nasa da kimanin kashi uku na yashi. Wannan kwaɓi ba ya sandarewa cikin kwana ɗaya. A hankali yake shan iskar kabon daga sarari yana komawa dutsen da ya fito daga gare shi, abin da kan ɗauki watanni, a cikin bango mai kauri ma har shekaru. Ko bayan ya kama, ya fi bulo laushi, ya kuma fi shi ƙofofin da danshi ke bi.

Wannan laushi ba aibi ba ne, shi ne hikimar ginin gaba ɗaya. Gida yana motsi kullum, zafi ya buɗa shi, sanyi ya tsuke shi, ƙasa ta ɗan nitse a nan ta ɗago a can. Kwaɓi mai laushi shi ke shanye wannan motsi, idan ma za a tsage, shi ke tsagewa ya bar bulo lafiya. Ruwan da bango ya sha kuma ta layukan kwaɓin yake fita ya bi iska, gishirin da ya ɗauko ya taru a nan maimakon cikin bulo. Saboda haka kwaɓin ne ke cinyewa a hankali, kamar yadda takalmi ke cinyewa domin ƙafa ta tsira. Sake kwaɓi abu ne mai sauƙi, sake bulo kuwa babban aiki ne.

Abin da siminti ya zo da shi

A shekarar 1824 wani birkila na garin Lids a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin da ake kira Portland. Ba nan take ya kori farar ƙasa ba, ya ɗauki kusan ƙarni guda yana shiga a hankali, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya mamaye aikin gini baki ɗaya. Dalilansa a fili suke: yana kamawa da wuri, ana sayensa a buhu, ba ya buƙatar jira. Maginan da suka taso a wannan zamani ba su san wani kwaɓi ba sai shi, don haka da aka kira su gyaran tsofaffin gidaje, da shi suka je, da kyakkyawar niyya kuma.

Wanda ya tsaya dab da irin wannan bango zai ga sakamakon da idonsa. Layukan siminti masu ruwan toka suna nan daram, sun fito waje kamar raga, amma bulon da ke tsakaninsu ya lotsa ciki. Fuskarsa ta ɓare, gefunansa sun gutsure, idan ka shafa da yatsa jan gari ne zai biyo ka, a gindin bangon kuma ga ɓaraguzai a zube. Abin da ya faru shi ne, siminti ya toshe hanyar da danshi ke fita, sai ruwan ya koma neman mafita ta jikin bulo. A can gishiri ke daskarewa ƙarƙashin fatarsa yana ture ta. Idan hunturu ya zo ruwan da ke ciki ya zama ƙanƙara, girmansa na ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari, ya fasa bulon daga ciki. Motsin da kwaɓi ke shanyewa a da kuwa, yanzu gefen bulo ne ke ɗaukarsa. Har ila yau siminti yana tsukewa idan ya bushe, ya bar siririyar tsaga tsakaninsa da bulo, wadda ruwa ke iya shiga ta cikinta amma fita ta gagare shi.

Ba siminti kaɗai ke wannan ɓarna ba. Fentin mai da ruwan roba da ake fesa wa bango da sunan hana ruwa shiga, su ma kulle danshi suke yi a ciki. A shekarun 1960 da 1970 an yi yayin wanke baƙin hayaƙi daga tsofaffin gidaje ta hanyar fesa musu yashi da iska mai ƙarfi. Bangon ya fito fes, amma an kankare fatar bulon, abin da ba ya dawowa har abada. A Baltimo kuma, inda aka gina gidaje da yawa da bulo mai shan ruwa, wani mai suna Albert Knight ya yi rajistar Formstone a 1937, wato filastar siminti da ake ɗaurawa a kan ragar ƙarfe da aka kafe a jikin bango, a zana ta kamar dutse. Unguwanni sukutum suka lulluɓe gidajensu da ita. Da shekaru suka ja, inda ruwa ya sulala bayanta sai ragar ta yi tsatsa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, kuma ɓamɓare ta ma kan tafi da fuskar bulo.

Ruwa ne tushen matsalar

Duk wanda zai taɓa tsohon bango, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce ta ina ruwa ke shiga. Mafi yawan lokaci amsar tana sama: indararo ya toshe da ganye, bututun da ke sauko da ruwa ya fashe ta baya inda ido ba ya gani, murfin rawanin gini ya tsage, ko mahaɗar rufi da bututun hayaƙi ta buɗe. Bututun hayaƙi da rawani su suka fi saurin lalacewa, domin ruwa da iska na dukansu ta kowane gefe. Wani lokacin kuma amsar tana ƙasa. Gidajen Ingila ba su cika samun shimfiɗar kare danshi a gindin bango ba, wadda maginanmu ke kira difisi, sai bayan dokar lafiyar jama'a ta 1875. Ko inda take, idan aka ɗaga daɓen tsakar gida ko aka tara ƙasar shuka har ta haura ta, amfaninta ya ƙare. Ƙa'idar ita ce ƙasar waje ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da wannan shimfiɗa.

Ita ma tsaga tana da harshenta. Wadda ta bi layin kwaɓi tana hawa kamar matakala, sau da yawa tushe ne ya motsa. Landan na zaune a kan yumɓu mai kumbura da ruwa, mai tsukewa da fari, shi ya sa farin da aka yi a 1976 ya tsattsaga gidaje masu yawa, musamman waɗanda ke kusa da manyan itatuwa masu zuƙe ruwan ƙasa. Tsagar da ta bayyana a saman taga kuwa, galibi lintar ƙarfe ce ta yi tsatsa ta kumbura tana ɗaga bulon da ke kanta. Idan bango ya turo ciki waje, to ya rabu da katakan benen da ke riƙe da shi, ko sahun waje ya saki na ciki. Taurarin ƙarfen da ake gani a fuskar gidajen Filadelfiya ba ado kaɗai ba ne, kawunan sandunan ƙarfe ne da aka zura aka ɗaure bangon da katakan bene. Kowace daga cikin waɗannan tana da maganinta dabam, kuma cusa kwaɓi a tsaga ba tare da an gano sanadinta ba ɓata kuɗi ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ruwa ne ke shiga, kuma shi ba ya fita da sauƙi.

Yadda gyara na gari yake

Bayan an tare ruwa, sai a duba layukan kwaɓi ɗaya bayan ɗaya. Ba dole ne a sake bango duka ba. Kwaɓin da ya yi laushi amma yana nan cike a wurinsa, a bar shi, aikinsa yake yi. Wanda ya zube, ya lotsa ciki, ko ya koma gari, shi ake cirewa. Hukumar da ke kula da wuraren tarihi na Amurka ta ba da shawarar a ƙwaƙule shi zuwa zurfin da ya ninka faɗin layin sau biyu zuwa biyu da rabi, wato layi mai faɗin santimita ɗaya a shiga da shi santimita biyu zuwa biyu da rabi. Da hannu aka fi son a yi, da siririn kurfi da ƙaramar guduma. Injin yanka mai faifai yana da sauri, amma ko kaɗan hannu ya goce ya yanki bulo, musamman a layukan tsaye, ga kuma ƙurarsa mai lahani ga huhu.

Daga nan a share ramin tas, a yayyafa masa ruwa ya yi danshi ba tare da ya kwanta ba, don kada busasshen bulo ya zuƙe ruwan sabon kwaɓi. Kwaɓin kansa ba ya son ruwa da yawa, ya zama dai idan an dunƙula shi zai tsaya a kan cokalin gini. Magini zai ɗebo kaɗan da siririn ƙarfe, ya tura shi can ƙuryar ramin ya danne, ya jira ya ɗan kama har yatsa ya daina lotsa shi sosai, sannan ya ƙara wani a kai, hawa-hawa har ya cika. Ba a shafa shi a kan fuskar bulo, ana tsayar da shi daidai da gefensa ko ɗan ciki kaɗan. Idan ya ɗan yi tauri sai a bubbuga shi da buroshi mai ƙarfi, ƙwayoyin yashi su fito, ƙofofinsa su buɗe. Sannan a rufe bangon da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa na wasu kwanaki, a kare shi daga rana da iska da ruwan sama. Ba a wannan aiki idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 5. Mai aikin kuma ya sa safar hannu da tabarau, domin farar ƙasa na ƙona fata da ido.

Sharuɗɗan sabon kwaɓi a taƙaice su ne, kada ya fi bulon ƙarfi, kada ya fi tsohon kwaɓin tauri, kuma danshi ya iya ratsa shi fiye da yadda yake ratsa bulo. Launinsa daga yashi yake fitowa, don haka a nemi mai kama da na asali, a gwada a ɗan wuri a bayan gida kafin a taɓa fuska. Ƙullun farar ƙasa mai kyau shi ne wanda ya yi aƙalla wata uku a jiƙe. Bulon da ya ruɓe kuwa a zare shi a hankali, idan bayansa lafiya a juya shi, idan ba haka ba a nemo tsoho mai girmansa da laushinsa. Sabon bulo mai tauri a tsakiyar masu laushi shi ma matsala ce ga maƙwabtansa.

Akwai inda aikin ya fi ƙarfin magini shi kaɗai. A ranar 28 ga Mayun 2023 wani ɓangare na gidan haya mai hawa shida, ginin farkon ƙarni na 20, ya rufta a garin Dabinfot na jihar Ayowa, mutum uku suka rasu. Binciken da aka yi ya nuna cewa masu gyara sun cire sahun bulo daga bangon da ke ɗauke da nauyi ba tare da sun tokare shi yadda ya kamata ba. A Niyok kuma, faɗowar wani ɓallen gini da ya kashe wata ɗaliba a 1979 shi ya haifar da dokar 1980, wadda aka ƙarfafa a 1998, da ke wajabta wa duk ginin da ya haura hawa shida binciken ƙwararre kowace shekara biyar. Bangon da ya turo, ko tsagar da ke ƙara buɗewa, aikin injiniya ne kafin kowa ya ɗaga guduma.

Inda ake ja-in-ja

Masu sukar wannan hanya suna da hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba. Aikin farar ƙasa yana cin lokaci, maginan da suka iya shi ba su da yawa, ladansu kuma da tsada. Mai gidan da ke fama da abin sa wa a baki ba zai ji daɗin a ce masa ya jira ƙwararre ba. A arewacin Sen Luwis talauci da ƙaura sun bar gidaje a yashe har ɓarayi suka riƙa rushe bangayensu suna sayar da bulon ga masu gini a kudancin Amurka. Wannan ya nuna cewa ceton tsofaffin unguwanni ba ilimin kwaɓi kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai a lissafi na gaskiya, araha ba ta ado: gyaran siminti da ya zo da sauƙi yau, gobe sake bulo zai jawo, wanda ya ninka shi tsada.

Gaskiya ne kuma ba kowane jan bulo ke buƙatar farar ƙasa zalla ba. Gidan da aka gina bayan shekarun 1930 da bulon inji mai tauri, tun asali da siminti a kwaɓinsa, to da irinsa za a gyara shi. Akwai kuma nau'in farar ƙasa mai kamawa da ruwa, mai matakan ƙarfi dabam-dabam, da ake amfani da ita a wuraren da ruwa ke yawan duka kamar bututun hayaƙi. A yankunan girgizar ƙasa ma laushin kwaɓi ba ya wadatarwa. Girgizar Kiraischoch ta ƙasar Niw Zilan a 2011 ta kashe mutum 185, kusan 40 daga cikinsu bangayen bulo marasa ƙarfe ne suka faɗo musu, yawanci a kan titi. A irin wannan wuri dole a ɗaure rawani da bango da ƙarfe. Sabuwar muhawara kuma ita ce ta ɗumama gida: idan aka manna abin tare sanyi a cikin ɗaki, bangon yana rasa ɗumin da ke busar da shi, ya ƙara jiƙa. Duk waɗannan suna komawa ga magana ɗaya, a san ginin da ke gabanka kafin a zaɓar masa magani.

Inda zancen ya shafe mu

Babu sanyin da ke daskarar da ruwa a Kano ko Damagaram, amma wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. Maginan da suka gina soraye da tubali da azara sun san cewa yaɓe abin sabuntawa ne. Suna shafe bango da makuba, su daɓe rufin soro da laso, kafin damina a duba indararo, bayanta a toshe inda ruwa ya zaizaye. Da siminti ya zo, mutane da yawa suka lulluɓe ginin ƙasa da filasta don su huta da yaɓen shekara-shekara. Duk wanda ya ratsa lungunan cikin birni ya ga ƙarshen abin: filasta ta ɓallo faifai guda, a bayanta ƙasa ta jiƙe ta rarake, gindin bango gishiri ya cinye shi. Ga kuma titi da kwalbati da ake ɗagawa su fi daɓen gida tsawo, ruwa ya kwanta a jikin gini. Haka lamarin yake ga gidajen jan bulo na tsofaffin kwatas ɗin jirgin ƙasa a garuruwanmu, da na Omdurman da Khartum a Sudan. Ruftawar wani sashe na babban masallacin Zariya a Agustan 2023, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da rushewar tsohon masallacin Damagaram a daminar 2024, sun isa su tuna mana cewa tsohon gini ba ya jiran sai mun shirya.

Tun a 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila a kan aƙidar cewa kulawar yau da kullum ta fi babban gyara bayan an yi sake. Wannan aƙida ita ce ta fi kowace araha. Mai gida ya zagaya gidansa sau biyu a shekara, sau ɗaya ma ya fito lokacin da ake tsuga ruwa ya ga inda yake bi, ya yashe indararo, ya tumɓuke tsiron da ya fito a bango, ya sa alama a kan tsaga ya ga ko tana ƙaruwa. Idan zai kira magini, ya tambaye shi da me zai kwaɓa kuma me ya sa, wanda amsarsa kawai ita ce zai sa siminti mai yawa don ya yi ƙarfi, to ba na wannan aikin ba ne. Hukumomin birane da makarantun koyon sana'a kuma nauyi ne a kansu su horar da matasa aikin farar ƙasa da na ginin gargajiya tun dattawan da suka iya shi suna raye, domin ko mai gida ya fahimci duk abin da aka faɗa a nan, in babu hannun da zai yi aikin, dole buhun siminti zai koma wa.